Riƙon Gari a Hannun Matsoraci

Akwai wani mutum da na fi shekara 50 ina tare da shi, alhali ba a taɓa haihuwarsa ba, ba shi kuma da kabari ko'ina a duniya. Waziri ne, da sarautarsa kawai muka san shi, kuma cikin littafin Magana Jari Ce yake zaune. Na fara saninsa ina yaro, na tsane shi kamar yadda kowa ya tsane shi. Na sake saninsa ina magidanci, cikin wani dare na shekarar 1985, ran da aka bar mini makullin mangazar hatsi. Tun daga ran nan ban ƙara iya zaginsa da baki cike ba.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, bafatake ne. Albasa yake saye a fadamun Madawa, ya bi ta Ƙonni da Illela ya kai Sakkwato, ya komo da goro da atamfa da ƴan tarkacen da mata ke so. Wata shekara, ina aji biyar a lakwal, ya iso ƙauyenmu da ke cikin duwatsun Buza da littattafai uku ƙunshe cikin takardar siminti. Shi bai iya boko ba, da ajami yake riƙe lissafinsa. Ya ce ya ji ana karanta su ne a wata rumfa, manyan mutane suna dariya har da hawaye, shi ne ya ce bari ya sayo tun da yana da ɗa a lakwal. Bai sani ba a lakwal ɗin Faransanci zalla ake koya mana, wanda kuwa bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa sai a rataya masa wani ƙashi a wuya har ya kama wani. Sai da na yi kwana da kwanaki ina kokawa da haruffan nan masu ƙugiya kafin harshena ya saki, sa'an nan na zama mai karatun unguwa. Bayan sallar isha'i a shimfiɗa tabarmi ƙofar gida, a kunna fitilar ƙwai, dattawa gaba, samari baya, mata kuwa suna jin mu ta bayan danga.

Kowa Aku yake so. In aka zo kan Waziri sai tsaki da la'anta su tashi. Wani dare, ana cikin haka, wani tsohon maƙeri abokin kakana, wanda ba ya yawan magana, ya ɗaga hannu ya ce: "Ku bar kiran wanga Waziri mugu. Mugu da kansa yake zuwa. Wanga aike kawai ya iya." Aka yi dariya aka wuce, ni ma na ci gaba da karatuna.

Ga wanda bai san littafin ba, ko ya daɗe rabonsa da shi, bari in ɗan tuna masa. Alhaji Abubakar Imam ne ya rubuta shi. An haife shi a Kagara a 1911, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koyar a makarantar Midil ta garin, kuma sunansa ya fara fita ne da Ruwan Bagaja, wanda ya shigar gasar ƙaga labarai ta 1933. A 1936 aka ɗauko shi zuwa Zariya, wajen Dokta Rupert East mai kula da ofishin talifi, domin ya rubuta littafin karatu na makarantu. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, na farkon a 1937. Daga baya, a 1939, ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya rasu a 1981. Masana sun nuna cewa yawancin labarun aro ya yi, daga Alfu Laila, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Jamus, har ma dabarar akun da ke tsare mutum da hira har gari ya waye daga tsofaffin littattafan Indiya da Farisa ta fito. Wannan bai taɓa damuna ba. Wanda ya sayi zare a kasuwa ya saƙa zane, zanen nasa ne. Fadar da ke cikin littafin kuwa, duk da an ce a ƙasashen gabas take, babu Bahaushen da zai shige ta ya nemi ɗan jagora.

Sarki Abdurrahman ɗan Alhaji yana da dukiya da mulki, ba shi da ɗa namiji. Waziri ya daɗe yana lissafin cewa gadon sarauta wajensa zai faɗo. Sai ɗiyar Sarki ta haifi Mahmudu, bayansa kuma Allah ya ba Sarkin kansa ɗa, Musa, lissafin Waziri ya rushe. Ana nan Sarkin Sinari ya aiko da maganar aure tsakanin ɗiyarsa Sinaratu da Musa, Sarki Abdurrahman ya wulaƙanta manzannin, abin ya zama yaƙi. Nan Waziri ya ga ƙofa. Ya haɗa baki da Sarkin Sinari a ɓoye, bisa alkawarin za a ba shi sarautar in an ci garin. Da Sarki zai fita daga, ya tafi da Mahmudu, ya bar Musa tsare cikin gida, ya bar gari a hannun Waziri. Duk sauran littafin na farko a kan abu guda yake tafiya: Waziri yana neman hanyar da zai fito da Musa daga gida a hallaka shi, har da shirya saƙon ƙarya da sunan Mahmudu, Aku kuwa yana riƙe yaron da labari kowane dare. Daga ƙarshe Sarki ya komo da nasara, asirin Waziri ya tonu, ya gamu da hukuncinsa, aka naɗa tsuntsu a gurbinsa.

To, a dubi inda Imam ya ajiye mutumin nan. Da bara ne ko ɗan fashi, da maganar ba ta da nauyi. Shi ne mai riƙon gari. Dogarai suna ƙarƙashinsa, ƙofofin birni suna hannunsa, Sarki yana nesa. In da ƙarfin zuciya gare shi, ko na mugunta ne, ai babu lokacin da ya fi wannan. Amma mai karatu zai lura kusan duk abin da ya aikata ta hannun wani ya bi da shi: manzo zuwa Sinari, takarda da sunan wani, ɗan aike zuwa ga Musa. Yana so a ci garin, amma rundunar wani ce za ta ci masa. Yana so Musa ya mutu, amma yaron ne zai fito da ƙafarsa, domin gobe in an tambaya a ce ai shi ya fita. Kowane makirci nasa da ƙofar gudu a bayansa. Abin da tsohon maƙerin nan ya gani ke nan tun ina ɗan shekara 12, ni kuwa sai da na yi gemu.

Hausawa suka ce tsoro na daji, kunya na gida. Wazirin nan ya juya maganar: ya kawo tsoro cikin gida, kunyar kuwa ya bar ta can daji. Kuma a ganina tsoron ne ya haifi cin amanar. Yana da ƙorafi, ƙorafin kuma ba na hauka ba ne; mutum ya yi shekaru yana bauta, yana ganin ya cancanta, rana ɗaya jariri ya sha gabansa. Irin wannan ciwo babu ma'aikacin da bai san shi ba. Akwai hanyoyinsa na mutunci: ka faɗa wa mai gidanka ido da ido, ko ka haƙura, ko ka ajiye rawanin ka koma gona. Duka ukun suna bukatar zuciya. Shi ya zaɓi ta huɗu, ya ci gaba da faɗuwa gaban Sarki yana gaisuwa da safe, da dare yana saƙa da abokan gaba.

Ba na wanke Sarki Abdurrahman. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutum ya aiko maka da maganar aure cikin girmamawa, ko ba ka so akwai yadda ake mai da amsa, kai kuwa ka kunyata manzanninsa, ka jawo wa talakawanka yaƙi saboda girman kai. Amma ai domin irin ranar nan aka yi waziri. Amfaninsa a fada shi ne ya zama mutum guda da zai iya matsowa kusa ya ce, ranka ya daɗe, a sake shawara. Wazirin da ke jin daɗin kuskuren sarkinsa domin yana hango ribarsa a ciki, ya riga ya bar aiki tun kafin ya aika wa kowa da takarda.

Abin da ya fi burge ni da na sake karatu da girma shi ne Akun ma yana jin tsoro. Yana da dalili kuwa, domin a gabansa Musa ya kashe matarsa, ita da ta faɗa masa gaskiya tsirara cewa kada ya fita. Aku ya ga abin da gaskiya tsirara ke jawowa, sai ya bi ta wata hanya. Faɗan da ya fi ƙarfinka, aka ce, mai da shi wasa. Wani zai ce to ai shi ma kewaye-kewaye yake, me ya raba shi da Waziri? Abin da ya raba su a fili yake. Kowane dare Aku yana nan gaban yaron da zai iya murɗe masa wuya, da bakinsa yake magana, in abin ya ɓaci kansa zai ƙare. Tsoronsa ya koya masa dabara, bai raba shi da amanar da Sarki ya bar masa ba. Waziri kuwa tsoronsa ne ya zama ubangidansa.

Kada kuma a ɗauka duk wanda ya sunkuya wa mai ƙarfi maci amana ne. Tarihinmu na kusa yana da wani waziri na gaske da ya shiga matsatsin da ya fi na littafi. Ran 15 ga Maris 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi gabas da jama'a mai yawa, har ya yi shahada a Burmi ran 27 ga Yuli na shekarar. Wazirinsa, Muhammadu Buhari, jikan Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, bai bi shi ba. Ya komo gari ya yi sulhu da Nasara, ya ci gaba da wazirci a ƙarƙashinsu har rasuwarsa a 1910. Har yau ana gardama a kan wanda ya fi daidai tsakaninsu, ni kuwa ban isa in raba wannan gardama ba. Abin da na riƙe shi ne, Buhari bai ɓoye ba. Abin ya dame shi, ya nemi fatawar malamai, ya zauna ya rubuta risala da Larabci zuwa ga ma'abota ilmi, ya bayyana abin da ya yi da dalilinsa, wato tsoron kada jama'ar da ta rage ta watse addini ya lalace, ya kuma sa sunansa. Mai so ya zarge shi ya san inda zai same shi. Wazirin Imam ko takardarsa da sunan wani ya rubuta ta.

Akwai kuma na uku, wanda shi ƙasarmu ya taka da ƙafarsa kafin ya shiga littafi. Marigayi Abdullahi Mamani, ɗan Gudumariya, ya fitar da Sarraounia da Faransanci a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin Wagadugu a 1987. Yawancinmu Sarauniyar Lugu muke kallo a ciki, da gaskiyarmu. Amma a dubi Kyaftin Voulet. Shi da abokinsa Chanoine suka jawo ayarin da ya faɗa wa Lugu cikin Afrilu 1899, ya yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla cikin Mayu, Ƙonnin nan da ba ta kai kilomita 100 daga Madawa ba, kana ya nufi gabas yana ƙone garuruwa. Wanda ya ga irin wannan ɓarna zai ce mutumin ba ya tsoron komi. Sai ga Kanar Klobb, wanda gwamnatin Faransa ta aiko ya karɓe ayarin ya binciki abin da aka yi, ya cim musu kusa da Tasawa. Ran 14 ga Yuli 1899, a Dankori, Klobb ya matso ya hana mutanensa harbi, Voulet ya ba da umurni aka buɗe masa wuta. Mai bindigogi ɗari-ɗari ya kasa tsayawa gaban mutum guda mai tambaya. Ya ci amanar tutar da ya zo da ita domin gudun hisabi, ya shaida wa sojojinsa wai shi ya bar zama Bafaranshe, sabuwar daula zai kafa da su. Kwana biyu zuwa uku sojojin nan nasa suka harbe Chanoine, suka harbe shi. Kaburburansu suna Maijirgi, bakin hanyar Damagaram. Wanda ya koya wa na ƙasa da shi cewa ana iya harbin shugaba, bai kamata ya yi mamaki ba.

Yanzu in zo kan nawa, wanda saboda shi na ɗauko duk wannan.

Waɗanda suka manyanta cikinku suna tune da daminar 1984, wadda ba ta yi ba. Nijeriya kuma ta rufe iyakarta ta ƙasa tun watan Afrilu na shekarar, hanyar da muka saba samun sauƙi ta toshe, har mutane suka raɗa wa yunwar sunan Janar Buhari mai mulkin can a lokacin. A ƙasar Adar abin ya yi tsanani ƙwarai. Shekarar ce ma aka fara babban aikin raya karkara na Keita da taimakon Italiya. Ni ina mushe a wani ƙauye cikin yankin na Keita, ina da kusan shekara 30, da mata da ɗa guda, wani yana ciki. Da hatsin taimako ya fara isowa, jar dawar nan da ba mu saba da ita ba, aka kafa kwamitin rabo, aka sa ni magatakarda tun da ni ke rubuta Faransanci. Shugaban kwamitin dattijo ne mai gaskiya. Cikin bazarar 1985 ciwo ya kama shi, aka tafi da shi Tawa, ya kira ni bakin mota ya danƙa mini makullin mangaza da littafin lissafi, ya ce: "Ɗana, ga gari nan."

Mangazar tana da mai gadi, wani dattijo da ya kusa haihuwata, Baba nake ce masa, shi kuwa Mushe yake kirana ko da yake ɗansa na cikin ajina. Dare na shida bayan tafiyar shugaba, wata mota ta tsaya bayan lakwal ba fitila. Mutum guda ya fito ya miƙo mini ƴar takarda, an rubuta buhu 20, babu sa hannu, babu hatimi. Sunan mai saƙon da baki ya faɗa mini shi, a hankali. Babba ne, irin wanda kalmarsa guda ke iya ɗauke ƙaramin ma'aikaci ta jefa shi can cikin hamada inda wasiƙa ke wata biyu ba ta isa ba. Na tuna matata da cikinta. Na tuna jarrabawar ƙarin girma da nake jira.

Ban ce a'a ba. Ban kuma je na buɗe da hannuna ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau. Da na buɗe da kaina, da na zama ɓarawo ko abokin ɓarawo, in san matsayina. Sai na kira mai gadi, na sa masa makulli a hannu, na ce: "Baba, baƙin nan suna da saƙo, ka ji da su." Na shige ɗaki na kwanta. Ina jin faɗuwar buhunan cikin mota ɗaya bayan ɗaya, ina ƙirgawa cikin duhu. Buhu 20 na kilo 50, tan guda cur, a shekarar da mata ke tonon gidan tururuwa suna neman tsaba. Da asuba ya kawo mini makulli, bai ce komi ba, ni ma ban ce ba.

Bayan kamar mako biyu masu bincike suka zo, aka ƙirga, aka ga giɓi. Aka ce in rubuta rahoto. Na zauna na rubuta shi da Faransanci mai kyau, irin wanda ake yaba mini. Na ce littafin lissafi daidai yake, gaskiya ne. Na ce ban fitar da buhu ko ɗaya da hannuna ba, gaskiya ne. Na ce daren kaza makulli a hannun mai gadi ya kwana, wannan ma gaskiya ne. Babu kalmar ƙarya ko guda cikin takardar nan, kuma ban taɓa rubuta ƙaryar da ta kai ta ba. Wazirin Imam ya ƙaga saƙo da sunan wani. Ni ban ma wahalar da kaina da ƙage ba, gaskiya na yanyanka na jera yadda za ta faɗa kan wanda ba ya iya karanta ta.

Aka tambayi Baba, ya ce shi dai an ba shi makulli an ce ya ji da baƙi. Aka ce wa ya ba ka, ya dube ni. Na ce ai kullum in zan kwanta nakan bar masa makulli saboda tsaro. Bai ƙara magana ba. Da za a sa shi mota ya juyo ya ce: "Mushe, sai mun dawo. A duba mini yaron." Ya yi ƴan kwanaki a tsare, aka sake shi domin an bincike gidansa ba a sami ko tiya guda ba. Amma aikin ya tafi, sunan kuma ya tafi. Ku da kuka ga shekarar nan kun san abin da ake nufi a ce da mutum ɓarawon hatsin taimako. Kafin damina ta faɗi ya kwashe iyalinsa ya yi kudu, yaron ma ya bar aji.

Ana cewa kowa ya ci amana, amana za ta ci shi. A littafi haka ne, shi ya sa muke son littafi: Sarki yakan komo, asiri ya tonu, a naɗa mai gaskiya. Ni babu Sarkin da ya komo mini. Shugaban kwamiti ya warke ya dawo, ya karanta rahoton, ya dube ni ɗan lokaci, ya karɓi makullinsa, bai tambaye ni komi ba har muka rabu. Na ci jarrabawata. Na yi darektan lakwal a wurare uku, na yi ritaya da takardar yabo. Babban nan kuwa ko sannu bai taɓa aiko mini ba, kuma da muka haɗu wajen wani taro bayan shekaru bai gane ni ba. Nan na fahimci abin da ke jiran Waziri da a ce Sinari ta ci yaƙin. Wane sarki ne zai amince da mutumin da ya sayar masa da ubangidansa?

Abin da ya same ni wani iri ne, ba ya ganuwa. Duk shekarun da na yi ina shugabantar malamai, ban taɓa iya tsawata wa wanda ya yi laifi da dukan murya ba, domin akwai wani a cikina da ke cewa kai fa? In ƙaramin malami ya zo da ƙara a kan na sama da mu, sai in ji hannuna yana neman takarda, yana neman wanda za a aika. Sau da yawa na danne, wani lokaci ban danne ba. Alhazai masu shaguna da ke barin yaro kan kaya su tafi Kano ko Lome, da ma'aikatan da ake bar wa riƙon ƙwarya in mai gida ya tafi Yamai taro, sun san daren nan da nake faɗi, ko bai zo musu ba tukuna. Ba ya zuwa da ganga. Ƴar takarda ce marar sa hannu, da wani na ƙasa da kai a kusa wanda za a iya miƙa wa makulli.

A 1998 hanya ta bi da ni Madawa lokacin kakar albasa. Na tsaya inda ake lodi domin in saya wa gida, sai wani magidanci da ke kan awo ya ajiye abin da ke hannunsa ya zo ya durƙusa ya ce: "Mushe, ba ka gane ni ba?" Yaron ne. Na tambaye shi Baba, ya ce ai shekara uku ke nan da rasuwarsa, nan ya ƙare kwanakinsa yana ɗinkin buhu. Na ja shi gefe, bayan wata babbar mota, na faɗa masa duka, tun daga takardar har rahoton, abin da ban taɓa faɗa wa ko matata ba. Ya saurara kansa a ƙasa har na gama.

Ya ce: "Mun sani, Mushe. Baba ya faɗa mana tun muna hanya. Ya ce kada mu riƙe ka, yaro ne kai lokacin, ga iyali."

Na ce masa shekarata 30 lokacin. Bai amsa wannan ba. Aka kira shi daga wajen awo, ya ɗaga hannu ya ce yana zuwa, sa'an nan ya tambaye ni buhu nawa nake so, ta ajiya ko ta ci yanzu. Na ce guda, ta ajiya. Ya zaɓo mini da kansa, ya ɗinke bakin, ya sa yara suka kai mota. Na ba shi kuɗi, ya ƙirga, ya maido mini canjina daidai.